Sulke, Kwalkwali da Lifidi: Yadda Ake Ƙera Kayan Yaƙin Mazan Jiya da Hannu

A ranar hawan sallah a masarautun Arewacin Najeriya, ayarin da ya fi ɗaukar idon 'yan kallo bayan na sarki shi ne na 'yan sulke da 'yan lifida, wato mahaya masu sanye da rigunan ƙarfe da na auduga irin waɗanda aka yi yaƙi da su kafin zuwan Turawa. Fiye da shekara 120 ke nan rabon da a shiga fagen fama da waɗannan kaya, amma har yau suna cikin abubuwan da fada ke tunƙaho da su.

Sai dai tsofaffin kayan ƙarewa suke yi. Tsatsa tana cin ƙarfe, zobba suna zubewa duk lokacin da doki ya yi sukuwa, wasu kuma sun daɗe da faɗawa hannun dillalan kayan tarihi. Don haka masarautar da ke son hawanta ya ci gaba da kamanninsa, ba tare da ta ƙarasa kashe abin da ta gada ba, tana bukatar maƙeran da za su iya yin sabo a kan fasalin tsoho. Aikin yana da ƙa'idoji, kuma sanin su yana da amfani ga maƙeri da mai saye da mai ajiya baki ɗaya.

Machina, Nguru da Gashuwa

Machina tana kusurwar arewa maso yammacin Jihar Yobe, a gindin duwatsu, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar. Sarautar garin ita ce Mai Machinama, kuma tarihin baka na masarautar yana kai asalinta fiye da shekara dubu baya. Bikin al'adun gargajiya da take yi shekara-shekara ya shahara da hawan dawaki, inda baƙi ke zuwa daga ɓangarorin iyakar biyu.

Yankin ya daɗe yana tsakanin manyan dauloli biyu, Borno a gabas da ƙasar Hausa a yamma. Tun ƙarni na 17 Nguru ce mazaunin Galadiman Borno, wanda aka ɗora wa tsaron yammacin daular. Bade, wadda hedkwatarta take Gashuwa a yau, ta gina birni mai ganuwa a Gogaram cikin ƙarni na 19 domin kare kanta daga hare-haren maƙwabta. A watan Maris na 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Gumel da Machina a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Hanyar da ya bi ita ce fatake da dawaki da makamai suka riƙa bi tsakanin ƙasashen biyu. Ƙasa irin wannan, shimfiɗaɗɗiya mai yashi, ƙasa ce ta yaƙin doki, kuma inda aka yi yaƙin doki nan ake neman abin da zai tare kibiya da mashi.

Yadda kayan suka shigo

Sulke tsohuwar fasaha ce. Mafi daɗewar waɗanda aka tono a Turai sun kai ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma sojojin Rum sun yi amfani da shi ɗaruruwan shekaru. Alƙur'ani mai girma ya ambaci cewa an sanar da Annabi Dawuda sana'ar yin sulke, a cikin Suratul Anbiya da Suratu Saba'i, shi ya sa maƙera a ƙasar Hausa ke jingina sana'arsu gare shi.

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, bayan asarar mayaƙa da ya yi a yaƙinsa da Umbatu. A Borno kuwa, Mai Idris Alauma, wanda ya yi mulki daga Birnin Gazargamu a rabin ƙarshe na ƙarni na 16, ya ƙulla hulɗa da Daular Usmaniyya, kuma hanyar Bilma da Fezzan zuwa Tarabulus ta zama mashigar dawaki da makamai. Kufan Gazargamu yana cikin Jihar Yobe ta yau.

A watan Fabrairu na 1823, lokacin da Dixon Denham da Hugh Clapperton da Walter Oudney suka isa Kukawa, Denham ya bayyana dakarun Shehu Muhammadul Aminu El-Kanemi sanye da sulke daga wuya har gwiwa, wasunsu da hulunan ƙarfe, an kuma rufe goshin dawakinsu da farantan ƙarfe da tagulla da azurfa. A 1964 masanin tarihi A. D. H. Bivar ya wallafa nazarin da ya yi a kan makaman fadojin Arewa, wanda ya nuna cewa da yawa daga cikin tsofaffin sulkuna daga ƙasashen waje aka kawo su. Wannan ne ya sa sulke ya kasance kayan sarakuna da manyan barade, ana gyara shi ana gadonsa, yayin da lifidi ya kasance aikin gida da maɗinka ke yi.

Bindiga ce ta kawo ƙarshen zamanin waɗannan kaya. Rabeh ya ci Borno a 1893 da rundunar 'yan bindiga, sojojin Ingila kuma suka ci Kano da Sakkwato a farkon 1903. Daga nan kayan suka koma na ado. An fito da su a hawan da aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, da na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, da na bikin FESTAC a Kaduna a 1977. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Ƙarfen da da na yanzu

Maƙeran da daga tama suke samun ƙarfensu. Ana gina murhu na yumɓu, a jera tama da gawayi, a hura wuta har zafinta ya kai wajen digiri 1,200 a ma'aunin Salshiyas. Ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538, saboda haka abin da ake cirowa dunƙule ne mai ramuka-ramuka, gauraye da datti. Sai a yi ta gasa shi ana duka har dattin ya fita. Irin wannan ƙarfe yana da taushi, yana lanƙwasuwa ba tare da ya karye ba, kuma ana iya gane shi da zare-zaren dattin da ke kwance cikinsa. An yi narkar tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, amma sana'ar ta mutu a ƙarni na 20 da shigowar ƙarfen Turai. Layin dogo da ya iso Nguru daga Kano a 1930 yana cikin abubuwan da suka sauƙaƙa samun wannan ƙarfe a yankin.

Yau maƙeri yana da zaɓi huɗu. Na farko shi ne baƙar waya mai taushi, irin wadda magina ke ɗaure rodi da ita, idan an samu mai kauri. Sinadarin kabon da ke cikinta bai kai kashi 0.3 cikin 100 ba, kuma ita ce ta fi kusa da ƙarfen da a launi da nauyi da hali. Na biyu shi ne waya mai rufin tutiya, irin ta shinge, wadda ba ta saurin tsatsa amma launinta toka-toka ne kuma tana baƙanta tufafi. Na uku shi ne farin ƙarfen da ba ya tsatsa, mai wuyar yanka da lanƙwasawa, wanda ƙyallinsa ke tona asirin cewa sabo ne. Na huɗu shi ne alminiyam, wanda nauyinsa kusan kashi ɗaya ne cikin uku na ƙarfe. Yana da sauƙi ga mahayin da zai yini a rana, amma zobbansa suna buɗewa da wuri kuma ba ya zubowa a jiki yadda sulken gaske ke yi.

Domin ado ana amfani da jan ƙarfe da tagulla. Tagullar da ta fi yawa a kasuwa haɗin jan ƙarfe da tutiya ce, tana narkewa a wajen digiri 900 zuwa 940. Sifirin ɗin mota, wanda maƙera ke so saboda taurinsa, bai dace da zobe ba. Inda yake da amfani shi ne wurin ƙera kayan aikin kansu, kamar kurfi da madoshi.

Kayan aiki

Yawancin abin da ake bukata yana nan a kowace maƙera: uwar maƙera, masaba, ƙaramar guduma, awartaki, kurfi, magagari, zuga-zugi da gawayi, musamman na ƙirya da maƙera suka fi yarda da zafinsa. Abin da ake ƙarawa kaɗan ne. Akwai farantin ƙarfe mai tauri wanda aka huda masa ramuka daga babba zuwa ƙarami domin jan waya. Akwai sandar ƙarfe miƙaƙƙiya da aka lanƙwasa ƙarshenta ta zama mariƙi, aka zura ta cikin katako biyu, domin naɗe waya. Sai filaya guda biyu marasa kaifin haƙori, da siririn madoshi na huda zobe, da wani awartaki na musamman mai ɗan rami a baki wanda ke danne kan ƙusa.

A al'adar Hausa, maƙeran baƙi su ke aikin baƙin ƙarfe, maƙeran fari kuma su ke aikin tagulla da azurfa. Cikakken kayan barde yana ratsa hannun dukansu biyu, sannan ya bi ta hannun dukawa da maɗinka.

Matakan yin sulke

Mataki na farko shi ne shirya waya. Wanda ke son bin hanyar da, zai buge ƙarfe ya zama siririn tsinke, ya shafa masa mai, ya riƙa jan sa ta ramukan farantin nan ɗaya bayan ɗaya har ya kai kaurin da ake so, galibi tsakanin milimita 1 da 1.6. Ja yana taurara waya, don haka bayan kowane 'yan ramuka sai a gasa ta har ta yi ja, a binne ta cikin toka ta huce a hankali. Wannan gashi shi ke mayar mata da taushi. Wanda ya tsallake shi, wayarsa za ta riƙa tsinkewa.

Na biyu shi ne naɗi. A soke bakin wayar a jikin sanda, a riƙa juya mariƙi ana matse ta har ta zama kamar sifirin. Kaurin sandar shi ne faɗin cikin zobe, yawanci milimita 6 zuwa 10. Ƙananan zobba sun fi kariya da kyau, amma sun fi cin lokaci.

Na uku shi ne yanka, kuma a nan hanya ta rabu biyu. Idan sulken ado ake so, sai a yanke naɗin a miƙe, kowane zobe ya fito bakinsa biyu suna fuskantar juna, a haɗa su da filaya kawai. Irin wannan sulke aka riƙa yi a Omdurman ta Sudan a zamanin Mahadi, kuma A. J. Arkell ya rubuta yadda ake yin sa a wata maƙala da ta fito a 1956. Yana da saurin yi, amma tsinin mashi yana buɗe zobbansa. Idan kuwa sulken gaske ake so, sai a yanke kowane zobe da ɗan rara, yadda bakin biyu za su hau kan juna da kamar milimita 3.

Na huɗu, a sake gasa zobban su yi taushi, a ɗora kowanne a kan uwar maƙera, a buge wurin da bakin biyu suka haɗu ya baje. Na biyar, a huda wurin da siririn madoshi. Gwanaye sun fi son hudar da ke ture ƙarfe gefe maimakon wadda ke cire shi, domin ƙarfen da ya taru a bakin ramin yana taimakawa wajen riƙe ƙusa. Na shida, a yanka 'yan ƙusoshi daga waya mafi siranta, tsawon kowace bai wuce ƙwayar shinkafa ba.

Na bakwai shi ne saƙa. Ƙa'idarta guda ce: kowane zobe yana ratsa huɗu, biyu a layin sama, biyu a layin ƙasa. Maƙeri zai buɗe zobe, ya zura shi cikin huɗun, ya rufe, ya sa ƙusa, ya danne ta da awartaki har kanta ya baje. A tsofaffin sulkuna da yawa na ƙasashen Musulmi, ana jera layi ɗaya na zobba masu ƙusa, layi ɗaya na zobba marasa baki waɗanda aka fasa daga falle ko aka haɗe da wuta. Wannan dabara tana rage aikin ƙusa da rabi kuma tana ƙara ƙarfi.

Sulke riga ce, don haka sai an yi mata ɗinki. Layukan zobba suna kwanciya ne a zagaye da jiki, yadda rigar za ta buɗe idan mahayi ya ja numfashi ta kuma tsuke da nauyin kanta. Inda ake son faɗi, kamar kafaɗa da ƙugu, sai a saƙa ƙarin zobe cikin layi. Inda ake son matsewa sai a rage. Hammata ita ce wuri mafi wuya, domin a nan saƙar hannu da ta jiki ke karo. Ana tsaga rigar gaba da baya daga ƙugu zuwa ƙasa domin zaman sirdi, a ƙarfafa wuyanta da tsirkiyar fata ko ƙyalle mai kauri, wani lokaci a yi mata baki da zobban tagulla.

Lissafin waya, nauyi da lokaci

Rigar da ta kai gwiwa tana cin zobba 20,000 zuwa 30,000, ko fiye idan ƙanana ne. A ɗauki misalin zobe mai faɗin ciki milimita 8 da waya mai kaurin milimita 1.5. Kowane zobe zai ci waya kusan santimita 3. Zobba 25,000 ke nan za su ci mita 750, nauyinsu kuma ya ɗan haura kilo 10. Da alminiyam, rigar ba za ta kai kilo 4 ba.

Idan aka ƙaddara cewa kowane zobe mai ƙusa yana cin minti 2 tun daga yanka har dannewa, aikin zai kai awa 830 da 'yan kai, wato fiye da kwana 100 ga mutum ɗaya mai aikin awa 8 a yini. Shi ya sa tun da can ake raba aikin, yara masu koyo suna naɗi da yanka da bugu, gwani yana saƙa. Wannan lissafi kuma ya isa ya nuna wa mai saye cewa sulken da aka yi masa alkawari cikin mako biyu a farashi mai rahusa ba mai ƙusa ba ne.

Kwalkwali da farantai

Kwalkwali iri biyu ne. Na 'yan lifida a ƙasar Hausa hula ce mai kauri da aka cusa da tsummoki ko auduga, aka ɗora mata ƙoƙon tagulla ko farin ƙarfe a ƙololuwa inda ake soka gashin jimina. Na biyu shi ne hular ƙarfe zalla irin wadda Denham ya gani a Borno, wadda ake iya rataya mata labulen sulke ya rufe wuya.

Hular ƙarfe ana yin ta da falle mai kaurin milimita 1.2 zuwa 2. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanka fallen gida huɗu masu siffar ganye, a ɗora kowanne a kan kututturen da aka fafe masa rami, a yi ta bugu da guduma mai zagayayyen kai daga gefe zuwa tsakiya har ya yi ƙoƙo. Sai a haɗa huɗun da maɗaurin ƙarfe a gindi da wasu biyu da suka gicciye a sama, a kafe su da ƙusoshi. Hanya mafi wuya ita ce a fitar da hular daga falle guda, ana gasawa ana bugu a kan turken ƙarfe mai zagayayyen kai, zagaye bayan zagaye. Bugu cikin rami yana sirantar da tsakiyar falle, wato daidai inda ake bukatar kauri, bugu a kan turke kuwa yana barin kaurin yadda yake. Bayan siffa ta fito sai a bi da ƙaramar guduma mai santsin fuska a share tabon bugu, a goge da magagari da yashi, a sa shafi na auduga a ciki da maɗaurin haɓa na fata. Hular ƙarfe marar shafi ba ta kare kai, domin duk bugun da ta sha kai take miƙa wa.

Akwai kuma rigar ƙarfe ta ƙirji da baya da aka sani a yankin Borno da arewacin Kamaru, wadda ake yi da siraran ƙarafa a jere, wasu a tsaye wasu a kwance, an kafe su da ƙusa, an naɗe bakinta da fata. Kowane maƙerin da ya iya ƙofar ƙarfe ta gargajiya zai iya yin ta.

Farantin goshin doki aikin maƙeran fari ne. Ana yanka fallen tagulla, a kwantar da shi a kan abu mai ɗan taushi, a fitar da zane daga baya da madoshi iri-iri, sannan a juya a gyara layukan daga gaba. Tagulla ma tana taurara da bugu, sai an riƙa gasa ta, amma ita ko an tsoma ta cikin ruwa da zafinta ba ta yin tauri, saɓanin ƙarfe mai yawan kabon. Ƙararrawa da sauran ƙananan kayan ado kuwa zuba su ake yi: a siffanta abin da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa.

Lifidi

Sulke yana tare kaifi, amma ba ya tare nauyin bugu, shi ya sa ba a sa shi sai da riga mai kauri a ƙarƙashi. Lifidi shi ne wannan dabara a cikakkiyar siffarta. Masana harshe suna danganta kalmar da Larabci, inda take nufin abin da aka cusa ya yi kauri. Ana shimfiɗa ƙyalle biyu masu ƙarfi, a cusa audugar rimi ko ta gona a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi kurkusa da juna domin kada audugar ta taru wuri ɗaya, sannan a rufe da ƙyallaye masu launi da aka yanka dami-dami. Na mahayi yana da sassa, kamar safa ta jiki da bantan lifidi na ƙugu da cinya, na doki kuma yana rufe wuya da ƙirji da gindi. Audugar rimi ba ta da nauyi kuma ba ta shan ruwa da wuri, amma tana kama wuta nan take. Mayaƙan da sun san haka, shi ya sa suke harbin 'yan lifida da kibiya mai wuta. Soso na katifa da wasu ke cusawa yau yana riƙe zafi, yana wahalar da doki, kuma shi ma abokin wuta ne, abin lura a hawan da 'yan bindiga ke barin albarushi kusa da dawaki.

Bambance tsoho da sabo

Abu na farko da ake dubawa shi ne bakin zobe. Ƙusa alama ce ta aikin gaske, ko da yake akwai sababbin sulkuna masu ƙusa da ake yi a Indiya domin masu wasan tarihi a Turai da Amurka. Tsohuwar waya ba ta zama da kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma zobban da suka shekara ɗaruruwa suna goga juna sukan sirance ta ciki. Tsohon sulke kusan kullum yana da faci, wato wuraren da aka cike da zobba na wani fasali dabam. Maganaɗisu ba ya kama alminiyam. Zoben da aka naɗe sau biyu kamar na maƙallin mabuɗi aikin inji ne. Tsatsar da aka jawo da gangan da gishiri ko ruwan batir takan fito ja, bai ɗaya a ko'ina, ta shekaru kuwa baƙa ce mai duhu kuma ta fi yawa a lunguna.

Maƙeri mai gaskiya yana iya kawar da shakka tun daga maƙera, ta hanyar saƙa zoben tagulla guda a wuyan rigar, ɗauke da alamarsa da shekarar da ya yi ta. Maƙeran Turai na da sun yi haka, kuma irin waɗannan zobba ne ke taimaka wa masana a yau wajen gane inda aka yi wasu sulkuna.

Adanawa

Gumi da laima su ne manyan abokan gaban sulke. Bayan hawa a shanya shi a inuwa, a goge da busasshen tsumma, a shafa mai kaɗan. Sabon sulke da ya yi tsatsa ana zuba shi cikin ganga ko buhu da busasshen yashi a yi ta mirginawa har ya yi haske, dabarar da aka daɗe ana amfani da ita. Tsohon sulke kuwa ba a yi masa haka, domin yashi yana cin zobban da suka riga suka sirance. Burushi mai taushi da siririn shafin kaki sun ishe shi. Ba a rataya shi a ƙusa, domin nauyinsa duka zai koma kan 'yan zobba kaɗan. A shimfiɗa shi ko a ɗora a kan sanda mai kauri da aka naɗe da ƙyalle. Mafi alheri shi ne a ajiye tsohon a fada domin masu ziyara, a hau doki da sabon.

Haɗarin aikin

Gasa waya mai rufin tutiya yana fitar da farin hayaƙi mai jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji, don haka ba a sa ta a wuta. Dalmar tsohon batir da wasu ke narkawa guba ce, musamman ga yara masu koyo, kuma ba ta da gurbi a wannan aiki. Gutsuren waya yana tsalle lokacin yanka, saboda haka tabarau na kariya wajibi ne. A Arewa maso Gabas, inda rikici ya bar ragowar abubuwan fashewa a daji, duk ƙarfen da aka saya daga 'yan gwangwan sai an san ko mene ne kafin ya shiga wuta. Haka kuma sulke, tsoho ko sabo, ba ya tare harsashi. Zobban da harsashi ya fasa suna shiga cikin rauni su ƙara masa muni.

Abin da doka ta tanada

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sanya aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi. Ta hana fitar da irin waɗannan kaya daga Najeriya ba tare da izini ba, ta kuma taƙaita sayensu ga wakilan da hukumar ta amince da su. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan hana fataucin kayan al'adu. Sabon aiki ba ya cikin wannan hani, amma wanda zai fita da shi waje zai kauce wa tsaiko a tashar jirgi idan ya nemi takardar shaida daga hukumar. Sayar da sabo da sunan tsoho kuwa zamba ce.

Masu son koyon fasalin asali suna iya fara dubawa daga Gidan Makama a Kano da sauran gidajen tarihi na ƙasa, da kuma ɗakunan ajiyar fadoji idan an samu izini. Awon zobe guda, da ƙirga zobban da ke cikin taƙi ɗaya, da zana fasalin hammata da wuya, sun isa su zama jagora ga maƙeri. Ƙarfe da gawayi da gwanayen hannu duk akwai su a kasuwannin Nguru da Gashuwa da Machina. Abin da aikin ke nema daga masarautu da hukumomin al'adu na jihohi shi ne a auna tsofaffin kayan a rubuta tun suna nan, a kuma ba maƙera aikin tun watanni kafin hawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.